Yaron da Tela Ya Mayar

Tela ba ya yin abu babu tsari, kuma ba ya raga wa wanda ya yi. Shi ya sa da aka ce za a kai jikoki gidan namun daji a hutun nan, kafin a yi maganar mota ko abinci, shi maganar ɓata ya fara yi.

"Yaro ba ya ɓata," in ji shi. "Babba ne yake sakaci."

Ya shiga shago, ya jawo ragowar wani yadi ruwan ɗorawa daga ƙarƙashin tebur, ya kaɗe shi. Ya ce kowane jika zai sami riga iri ɗaya, yadda ko daga nesa ya hango launin ya san nasa ne. Matarsa Inna ta tambaye shi inda ya sami yadi mai kashe ido haka. Ya ce ragowar aiki ne. Bai ƙara da cewa aikin na wata makarantar ƙananan yara ba ne, wadda ya ɗinka wa riguna tun farkon shekara. Ba ɓoyewa ya yi ba. A ganinsa maganar ba ta kai a faɗa ba.

Jikokin su bakwai ne. Shida a gabansa aka haife su, ya san kukan kowanne. Na bakwai ɗan 'yarsa ne da ta yi aure nesa, wadda tun da ta haihu ba ta kawo yaron gida ba sai wannan hutun. Tela ya riƙe abin a ransa. Ranar da suka iso ya amsa gaisuwarta a taƙaice, yaron kuwa ko ɗaga kai bai yi ya dube shi ba. Yaran gida suka sa masa suna Baƙo, sunan ya zauna. Da aka zo awo ma ta baya Tela ya gwada shi: kafaɗa, tsawo, hannu.

"Tsaya sosai. Je ka."

Da safen tafiya uwar yaron ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da hannunsa. Ita ba za ta ba, cikinta ya yi nauyi, ƙafa ta kumbura.

"Baba, a sa masa ido. In ya tsorata ba ya magana, tsayawa kawai yake yi."

"Ni na riƙe ki har kika girma. Kin taɓa ɓata?"

Ta saki hannun.

Babban ɗansa, makanike, shi ya kwashe su a motar wani mai gyara da bai zo karɓa ba. Ya sauke su a bakin ƙofa ya ce zai dawo da la'asar. Inna ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiya, ta jera kwanukan abinci, ta ce ita gwiwarta ba ta zuwa kallon biri, birai sun ishe ta a gida.

Ba su wuce kejin jimina ba sai babbar jikar, wadda ake kira Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa, ta ja hannun rigarsa.

"Kaka, ga 'yan gidanmu can!"

Tela ya waiga. Wata doguwar mota ta tsaya a bakin ƙofa, yara suna ta zubowa daga ciki kamar an fasa buhun lemo. Ruwan ɗorawa. Ruwan ɗorawa. Ruwan ɗorawa har inda ido ya tsaya. Wuya iri ɗaya, maɓalli iri ɗaya, aljihu a gefe ɗaya.

"Wa ya ɗinka musu irin tamu?" in ji Rediyo.

"Rufe mini baki."

"Kai ne ko? Tsoho, kai ne!"

Daga nan komai ya dagule. Yaran makaranta suka malalo suka haɗiye nasa. Ya kamo hannun wani a gaban kejin kura, yaron ya ɗaga kai ya fashe da kuka, ba nasa ba ne. Ya daka wa wata tsawa ta sauko daga kan shinge, wata malama ta zo ta ce don me zai firgita musu yarinya. Ya ce kowa ya riƙe hannun ɗan'uwansa, ya waiga ya ga layin ya kai wurin mutum goma sha, ciki har da wani mai majina da yake kiransa Baba. Ya juya bakin rigar wani don ya duba ɗinki, ɗinkinsa ne. Ya juya na wani, ɗinkinsa ne. Duk inda ya duba aikin hannunsa yake gani, kuma aikin bai gaya masa komai ba.

Da ƙyar ya tattaro su ya koro su zuwa tabarmar Inna. Ya tsaya a kansu yana haki, ya ƙirga riguna. Bakwai. Ya sake ƙirgawa. Bakwai cif, duk sun duƙa a kan kwano. Ya ce alhamdulillahi, ya ce yanzu kowa ya ga amfanin tsari.

Sai ya ji ana taɓa masa bayan riga. Wani yaro ne tsaye a bayansa, shiru, yana riƙe da gefen rigar da yatsa biyu. Tela ya tuna tun a wurin kura yake jin wannan jan.

"Kai kuma fa? Koma wurin malamarku."

Yaron bai motsa ba.

"Ba ka ji ne? Nawa sun cika."

Yaron ya dube shi kawai. Tela ya yi tsaki, ya kama hannunsa ya ja shi har wurin wata matashiyar malama da take fama da layin yara a gaban tafkin kada.

"Ga naku. Tun ɗazu yake bi na."

"Wane aji ne?" in ji ta.

"Ni za ki tambaya? Ni ban san shi ba. An ba ku amanar 'ya'yan mutane kuna ta latsa waya. Wanda bai san fuskar yaron da aka damƙa masa ba, bai kamata a bar shi ya fita da yara ba. Da mugu ya bi fa?"

Ya faɗa da ƙarfi yadda masu wucewa za su ji, suka kuwa ji. Malamar ta ba shi haƙuri, ta ce wataƙila ɗan wani ajin ne, ta riƙe hannun yaron. Tela ya dawo yana jin daɗin kansa. Babu abin da yake sa mutum sauƙin tafiya irin ya yi wa wani faɗa a kan gaskiya.

Ya zauna ya ci abinci. Ya ma kishingiɗa.

Inna ce ta fara tattara kwanuka. Ta dubi wata yarinya da take lashe cokali a gefen tabarma.

"Ke 'yar nan, kin ƙoshi? To tashi ki koma wurin 'yan'uwanki, kar a neme ki."

Tela ya tashi zaune. "Wace 'yar?"

"Wannan mana. Tun ɗazu ta zo ta zauna, na zuba mata. Yaro da yunwa ai ba a tambayarsa daga ina."

"Ba tamu ba ce?"

"Malam, jikokinka mata nawa ne?"

Yarinyar ta ajiye cokali ta ruga. Riguna suka koma shida. Inna ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ta dafe ƙirji.

"Ina mijina? Ina Baƙo?"

"Ai Kaka ya ba da shi," in ji Rediyo.

"Ya me?"

"Ya kai wa malama. Na zaci aika shi ya yi."

Tela ya miƙe, ya sake zama, ya sake miƙewa. Ya sa takalmi ƙafa ɗaya nasa, ƙafa ɗaya na Inna. Ya ce a'a, wancan yaron ya fi Baƙo tsawo. Ya ce ko kuwa ya fi shi gajarta. Ya rufe ido don ya kawo fuskar jikansa, sai ya ga kafaɗa, ya ga ƙeya, ya ga inda ya ɗora tef ɗin awo. Fuska babu.

Ya ja Rediyo suka bazama. A tafkin kada babu kowa. A wurin zaki suka tarar da wani ajin, malaminsu ya ce shi ba a ba shi yaro ba, amma in ana rabawa yana da biyu da zai bayar. Mai sayar da ruwa ya ce masu ruwan ɗorawa sun yi hagu. Mai shara ya ce sun yi dama. Duk su biyun gaskiya suka faɗa. Can sai aka ji ƙahon doguwar motar daga bakin ƙofa.

Da suka isa yara sun fara shiga. A gefen motar ga babbar malamar makarantar, mace mai jiki da tabarau, ga matashiyar, ga yaron a tsakaninsu yana cin biskit. Sun riga sun gano ba nasu ba ne, suna shawarar kai shi ofishin masu gadi.

"Nawa ne," in ji Tela, numfashi yana yanke masa. "Jikana ne. A ba ni."

Babbar malama ta dube shi ta saman tabarau. "A'a, Tela! Kai ne? Ka ga rigunanka suna ta aiki."

"Shi ne mutumin," in ji matashiyar. "Shi ya kawo shi. Ya ce bai san shi ba."

"Kuskure ne."

"Cewa ka yi wanda bai san fuskar yaron da aka damƙa masa ba..."

"Na san abin da na ce."

"Ɗan gwaggonmu ne," in ji Rediyo. "Wallahi namu ne. Tsohon ne ya rikice."

Babbar malama ta ce ita ba ta ƙi ba, amma ba za ta ɗauki yaro ta miƙa wa mutumin da ya ce a gaban jama'a bai san shi ba. Ko yaron ya faɗa da bakinsa, ko a kira uwarsa a waya ta yi magana. Ta miƙo wayarta.

Tela ya dubi wayar. A ransa ya ga 'yarsa tsaye a bakin ƙofa tana sakin hannun ɗanta. Bai karɓa ba.

Babbar malama ta sunkuya. "Ɗan gidana, ka san wannan mutumin?"

Yaron ya haɗiye biskit. Ya dubi ƙasa.

"Shi ya ce bai san ni ba."

Wannan ce magana mafi tsawo da Tela ya taɓa ji daga bakinsa.

"Baƙo, zo mu tafi. Inna tana jira."

"Ni motar nan zan shiga."

"Don me?"

"Su sun tambaye ni sunana."

Direba ya sake danna ƙaho. Yara sun leƙo ta tagogi, mai sayar da ruwa ya matso, har da wasu daga cikin waɗanda suka ji wa'azin ɗazu. Tela ya buɗe baki zai yi tsawa, don ita ya iya, sai ya ga yaron ya ƙame yadda uwarsa ta ce. Tsawa ba za ta fito da shi daga nan ba.

Ya tattare rigarsa ya durƙusa a kan tsakuwa. Gwiwa ta yi ƙara. Karo na farko ya dubi yaron ta gaba. Girar hagu a tsage take a tsakiya, kamar ta uwarsa. Kunnuwa a buɗe kamar nasa, irin waɗanda aka yi ta tsokanarsa da su yana yaro. Da ya duba tun ranar farko, da ko cikin yara dubu ba zai ɓace masa ba.

"Ban dube ka ba ne," in ji shi. "Da uwarka nake fushi, kai ka sha. Ban kyauta ba. Ka yi haƙuri."

Yaron ya ɗago kai ya dube shi.

"Wa ake ce maka a gidanku?"

Yaron ya dubi malama, ya dubi Rediyo. Sannan ya matso ya raɗa masa a kunne. Tela ya maimaita sunan a hankali, yaron ya gyara masa, ya sake faɗa daidai.

"To yanzu fa?" in ji babbar malama. "Ka san shi?"

"Kakana ne," in ji yaron. "Amma ba ya gani sosai."

Aka kwashe da dariya, har matashiyar da ta sha faɗa. Tela ya miƙe da ƙyar, ya juya wurinta ya ce ta yafe masa, maganar da ya faɗa gaskiya ce, adireshi ne ya ɓata. Ta ce babu komai, Baba, amma a duba takalmi.

A hanyar komawa makanike ya tambayi yadda aka yi, Tela ya ce ya kula da tuƙinsa. Yaron yana kan cinyar kakansa, ya yi barci riƙe da gefen rigar da yatsa biyu. Rediyo ta leƙo daga baya.

"Kaka, in faɗa wa Gwaggo ko kai za ka faɗa?"

"Ni zan faɗa."

"To ka yi sauri, don ni bakina ba ya jira."

'Yarsa tana bakin ƙofa inda suka bar ta. Tela ya sauko da yaron a kafaɗa, bai miƙa mata shi ba. Ya ce ta kawo kujera ta zauna, yana da magana, kuma ta bari ya kai ƙarshe kafin ta ce komai. Ta dubi fuskarsa, ta dubi ɗanta, ta rasa abin da ya faru.

"Baba, lafiya? Ina ɗaya takalminka?"

"Zauna tukuna," in ji shi. Ya kira yaron da sunansa, ya ce ya tashi an iso gida.