Shinkafar Bana

Tsohuwa Oknam ta tsinki zangarniyar shinkafa guda, ta murza ta a tafin hannu, ta hura. Ƙaiƙayi ya tashi ya bar mata 'yan ƙwayoyi kore shar, ko tauri ba su yi ba. Hantsi ya daɗe da yi, amma rana ba ta iso gonar ba tukuna. Benayen da aka jera ta gabas sun tare ta.

"Yaya, ki daina murzar ta, ba za ta ƙaru ba," in ji Malsun, ƙawarta tun suna amare, tana dogara sanda a kan kunyar gona.

"Ke dai komai naki ya tsufa ban da bakin nan."

"Shi kaɗai ne kamfani bai zo saye ba."

Suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

* * *

A da, daga gindin dutse har bakin kogi duk shinkafa ce. Ranar dashe, gari kakaf ke shiga taɓo har gwiwa, a ja igiya, a jeru, a duƙa. Deoksu, mijin Oknam, ke bayar da waƙa da muryar nan tasa mai kama da ta kwaɗo, mata suna amshi suna yi masa tsiya. Da tsakar rana ita da Malsun za su taho da tasoshi a ka, shinkafa mai tururi da kabeji mai yaji da giyar shinkafa a buta, a zauna a kan kunya a ci har da baƙon da ya zo wucewa. Balbelu na bin garma, yara na bin balbelu. Ba wanda ya san ana sayen shinkafa a kanti.

Deoksu ya rasu kafin birni ya matso. Da kamfanin gine-gine ya zo, maƙwabta suka yi ta sa hannu ɗaya bayan ɗaya, wasu don tsufa, wasu don 'ya'yansu sun matsa musu. A lokacin ne Hyesuk, 'yar Malsun, ta ajiye aikin ofis a Seoul ta dawo gida. Ta tara manoman da suka rage suka kafa ƙungiya, ta samo musu yarjejeniya cewa shinkafarsu ce yaran makarantun firamare na gundumar za su riƙa ci. Tsofaffi suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ofishin gunduma da tukwane wayam a gabansu, har hukuma ta ce gonar da ke ciyar da makaranta ba za a yi gini a kanta ba.

Ranar sun yi rawa a titi. Ba wanda ya tuna ya tambayi abin da za a gina a gefen gonakin.

* * *

Jaegu, ɗan Oknam tilo, a ɗaya daga cikin benayen ya kama gida. Ya same ta a gona, yana ɗage ƙafar wando kada ya ɓaci.

"Inna, maƙwabtana sun sake kai ƙara. Wai warin taki ya hana su buɗe taga."

"Ba su ne suka sayi gida don su riƙa kallon gona ba? Na ga hotonta a allon talla."

"Kallo suke so, Inna, ba wari ba." Ya sassauta murya. "Ko gaishe ni ba sa yi. Ki huta haka nan mana. Bayanki ma ba ya miƙewa."

"Da wannan bayan na kai ka jami'a."

Ya karɓi lauje daga hannunta ya yanke mata 'yar ciyawa, sannan ya tafi.

Bikin kaka na matsowa, layin yamma kawai ya nuna, inda rana ke ɗan jimawa. Oknam ta girbe shi da hannu, ta shanya, ta casa. Buhu biyu ne, na biyun ma bai cika ba. Tana ɗaure bakinsa Hyesuk ta shigo tsakar gida, idanunta sun faɗa.

"Goggo, makaranta na jiran shinkafar farko. Na zagaya kowa, babu wadda ta nuna. In muka saɓa, za su koma saye a wurin 'yan kasuwa, kuma kin san masu jiran su ce gonakin ba sa ciyar da kowa."

Oknam ta dubi buhunan.

"Ɗauki duka."

"Ki rage ko kwano ɗaya, Goggo."

"In na rage, awo ba zai cika ba. Ɗauki, kafin in sake shawara."

* * *

Da safiyar biki aka shirya teburin da ake ajiye wa kakannin da suka rasu abinci a falon Jaegu. Surukar Oknam ta jera 'ya'yan itace da kifi da miya a gaban hoton Deoksu, sannan ta zubo shinkafa daga wata leda mai rubutun kanti, fara sol, ƙwaya duk tsawo ɗaya. Oknam ta karɓi kwanon da hannu biyu ta ajiye a gaban hoton, ta kafa cokali a tsakiya.

Tun rasuwarsa, duk shekara takan ce masa, "Baban Jaegu, ci, ta gonarka ce." Jaegu ya sunkuyar da kai yana jira. Jikarta ma, wadda ta haddace maganar, ta zuba mata ido.

Oknam ta durƙusa da ƙyar, ta kai goshi ƙasa, ta daɗe a haka.

"Baban Jaegu," ta ce a hankali, "ci da zafinta."