Motar Da Aka Tura Inuwa

Shekara uku ina tuƙa motar asibitin tafi-da-gidanka daga Anka, ban taɓa ɗaukar kaya mai iyayi irin farantin da aka ɗaura mana a rufi ba. Fari ne, shafaffe, bai fi tiren mai shayi ba. Tare da shi aka ba mu Murtala, injiniyan da ke kula da shi, mutumin kirki, sai dai in ya fara bayani tuwo har ya sandare.

Ga bayanin a taƙaice. Taurarin ɗan'adam iri biyu farantin ke magana da su. Akwai na ƙasa-ƙasa masu gudu, wannan ya wuce cikin 'yan mintoci, wani ya biyo. Akwai na can ƙololuwa da ke tsaye wuri guda kullum. Farantin ba ya sakin wanda ya riƙe sai ya kama na gaba, in na ƙasa sun gagara ya koma wa na sama, shi ya sa magana ba ta yankewa. Amma in ya rasa su duka lokaci guda, sai ya faro nema daga tushe, kuma ba ya gaggawa. Na sha wannan karatu a hanyar Bukkuyum, na sha shi a hanyar Gummi, har na haddace ba da son raina ba.

Wata Talata muka isa wata tunga a bakin fadama, inda sabis ɗin waya bai taɓa leƙawa ba. Mai garin sunansa Namadi. Yana da 'ya, Kausar, mai shekara huɗu, wadda leɓɓanta kan yi baƙi in ta ɗan yi gudu. Malama Hamsatu, ma'aikaciyar jinyarmu, ta yi wata biyu tana bin wani likitan zuciyar yara kafin ya ba mu rabin awa: biyu da rabi zuwa uku, daga nan zai shiga tiyata. Daga nesa, ta allon na'urar motarmu, zai duba zuciyar yarinyar, ya faɗi ko magani ya isa, ko kuwa sai an kai ta Sakkwato. Hanyar ce Namadi ba ya so. A kanta 'yan bindiga suka tare ƙaninsa bara, har yau babu labari.

Na ajiye mota a tsakiyar fili, rana tana dukan ƙeya. Birkin hannu ya daɗe da mutuwa, don haka na tokare taya da dutse, na bar ƙofa a buɗe ta sha iska. Murtala ya kunna kaya, faranti ya kama, komai ya yi kore.

Sau uku Namadi yana roƙon mu matsar da motar ƙarƙashin ceɗiyar ƙofar gidansa. Sau uku Murtala yana cewa nan ma ya yi, mun gode. Mutumin da ya ishe ni da taurari wata shida, ranar da bayani zai yi amfani sai ya koma mai kunya. Ni ma na yi shiru, kuma ni ɗan ƙauye ne, na san yadda ake jin wannan amsa. Baƙo in ya ce nan ma ya yi, kara ce yake yi, kuma mai gida na ƙwarai ba ya biye masa.

Muka tafi azahar a masallacin da ke ɗaya gefen gari. Daga nan aka tsare mu da tuwon shinkafa da kifi, Malama Hamsatu kuma tana cikin gida tana shirya yarinyar. Biyu da minti ashirin da biyar muka dawo fili, babu mota sai dutsena.

Tana can ƙarƙashin ceɗiya, a inuwa mai kyau. Mutum goma suka tura ta, Namadi da kansa ya riƙe sitiyari ta taga. Wani ya taɓa farantin ya ji zafi, sai aka lulluɓe shi da tabarma, aka yayyafa ruwa. An ma share ƙarƙashin motar.

"Ba a barin kayan baƙo ga rana," in ji Namadi. "Na ga kunya kuka ji."

Murtala ya hau rufi ya yaye tabarmar, ni na tayar da mota na mayar da ita fili. Na ƙasa sun ɓace, na sama ya ɓace, faranti ya shiga nemansa na marasa gaggawa. Malama Hamsatu ta fito da Kausar ta kwantar da ita a gadon mota, ta shafa mata man na'ura a ƙirji, aka zauna kallon allo. Sai a lokacin Murtala ya yi wa Namadi bayani, jimla biyu kacal: farantin sarari yake so, ganye da jiƙaƙƙiyar tabarma suna rufe masa ido. Haushin kaina ya kama ni har na kasa duban kowa.

Uku da minti huɗu allo ya yi kore. Kujerar likita muka gani, babu kowa a kai. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce ya jira har lokaci ya cika. Ta ce babu wani gurbi sai bayan mako bakwai, kuma bisa abin da Malama Hamsatu ta rubuto tun farko, likita ya ce kada a jira, a kawo yarinyar.

Malama Hamsatu ta goge wa Kausar ƙirji, ta mayar mata da riga. Yarinyar ta tambaya ko an gama, aka ce mata e.

Namadi bai ɗora wa kowa laifi ba. Ya sa aka kawo mana ƙwan zabi a ƙwarya, ya yi godiya yadda ake yi, ɗaya bayan ɗaya. Ina duba ruwan mota ya zo ya tsaya kusa da ni, ya rage murya don kada a ji daga cikin gida.

"Direba, kai da kas san hanya. Da swahe sunka fi hitowa, ko da hantsi?"

Na ce masa gaskiya, ba su da tsayayyen lokaci. Ya jinjina kai, ya ce to shi da yarinyar za su bi motar kasuwa ranar Alhamis, uwarta ta zauna gida.