Hirar Baba Ta Ƙi Buɗewa

Salissou ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar shagonsa a Agege, ya ɗora shayi, ya tara 'yan garinsu. Gidan rediyon garinsu ya sa bidiyon hirar ƙarshe da marigayi mahaifinsa a intanet, don haka Salissou ya sayo kwamfutar hannu a kasuwar Alaba.

Hoton tsohon ya fito, amma bidiyon ya ƙi motsi. Ya danna har yatsa ya yi zafi.

Khamisu mai gyaran waya ya girgiza kai. "Yaya, manhajar da ke kunna wannan ba ta hawa kwamfutar hannu ko kaɗan."

Shayi ya huce. Suka zura wa tsohon ido, bakinsa a buɗe, bai ce musu komai ba.