Jar Wutsiya

Mijina Choji ido ɗaya gare shi, na dama. Na hagun tun yana yaro a Jos danƙon wani abokinsa ya tsiyaye shi wajen harbin kurciya. Amma da wannan ido ɗayan ya bi ya addabe ni da kallon tsuntsaye. Har ya sa sunansa cikin masu tafiya Bhutan, wata masarauta can cikin duwatsu, wai don ya ga gauraka mai baƙin wuya.

"Baban Prisca, gauraka fa? Na gida sun ƙare ne?"

Ya yi dariya, ya ci gaba da goge madubin hangen nesansa mai ido biyu.

Ana saura mako ya tafi, muka je garin Summerfield, gidan ƙanena Israel, mai kiwon tantabaru. Muna tsaye a bayan gida sai ga shaho ya faɗo kamar an jefo dutse. Ya danne farar tantabara a kan shinge, ya fara fige ta da ranta. Gashi na tashi, jini na ɗiga a kan katako.

Israel ya zaro danƙo daga aljihu, ya ɗana ƙwallon ƙarfe.

"Kai, bar shi!" in ji Choji. "Doka ta hana. Kuma ban gama ganin wutsiyarsa ba."

"Yaya, matsa! Kullum sai ya ci mini ɗaya!"

Choji ya cafke hannunsa. Israel ya ture shi, ya kai masa gwiwar hannu a baki, leɓe ya fashe. Suka kama kokawa, manya da su, ina ihu ba mai saurarona. Israel ya fizge ya ja baya, ya ja roba iya ƙarfinsa. Shi kuma wannan mai taurin kan, maimakon ya kauce, sai ya shiga tsakani, madubi a fuska.

Na ji ƙarar gilashi. Choji ya durƙusa, jini na bin yatsunsa. Na rarumi tsintsiyar lambu mai doguwar sanda na dinga jibgar Israel har sandar ta karye. Ban yi nadama ba.

A asibiti suka cire ɓarɓashin gilashin. Idon bai dawo ba. Na yi kuka har muryata ta dishe, haushinsa da tausayinsa suka haɗe mini.

Bayan an sallame shi ya nace sai an kai shi Summerfield. Israel ya ɓuya a ɗaki. Muka zauna kusa da shingen, can sai muka ji kukan shahon. Choji ya laluba ya miƙo mini madubin, ɓangare ɗaya ne ya rage lafiya.

"Yemima, duba mini. Wane launi ce wutsiyar?"

Na kafa ido. Ban ga shaho ba, ban ga komai ba sai busasshen jininsa a kan gilashin.

"Ja ce," na ce.

"Na sani," ya ce, yana murmushi. "To, a Bhutan ma ke za ki duba mini."