Farar Ƙasar Waliyyi Nikola

Da guguwa ta rutsa da kwalekwalen Stamatis a hunturun bara, kakarsa Marigo ce ta yi wa Waliyyi Nikola alƙawari: in yaron ya dawo da rai, za a shafe cocinsa da farar ƙasa kafin ya sake hawa ruwa. Ya dawo, da karyayyar ƙafa. Yanzu ƙafa ta warke, gobe zai koma kamun kifi, tsohuwa kuwa kanta ya fara rikicewa. Aiki ya faɗo kan uwarsa, Froso.

To, cocin Nikola uku ne a tsibirin.

"Inna, wanne kika ce?"

"Na bakin tashar kwalekwale mana. Ba nan aka ɗaura min aure ba?"

Froso ta ɗauki bokiti da burushi, ta shafe shi fes, ta zuba man zaitun a fitila. Ta dawo da rana, tsohuwa ta kalli hannunta.

"Wa ya aike ki tasha? Na cikin ganuwa na ce, inda kakanninmu ke ɓoye wa 'yan fashin teku."

Froso ta ɗora bokiti kan jaki ta hau tudu, ta kori awaki daga ƙofar cocin, ta shafe. Tana saukowa ta haɗu da limamin cocinsu, Fada Lefteris.

"Froso, ai waliyyin ɗaya ne."

"Waliyyi ɗaya ne, Fada, bango ne ba ɗaya ba. Ni bango aka ce in shafa."

A gida ta tarar da Stamatis yana ɗinkin koma, tsohuwa na ɓare wake.

"Sannu, 'yata. Kin shafe kogon?"

Froso ta zauna a ƙasa. Cocin kogo yana gindin dutse ta arewa, ko akuya ba ta kai can, sai ta ruwa. Maza duk sun fita kamu. Kwalekwale ɗaya ya rage a tasha, na Stamatis.

"Kaka, gobe kuma ki ce na kan wata ne," in ji shi, yana dariya. "Tashi in kai ki, Mama."

"Rufe min baki! Ka hau ruwa ba a cika alƙawari ba?"

"To in ban hau ba, ya za a cika?"

Ta kalli tsohuwa, tsohuwa ta koma kan wakenta. Wataƙila tun da safe an gama cikawa. Wataƙila ba a ma fara ba. Ta lissafa ta nan, ta lissafa ta can, kanta ya ɗau zafi.

Ta miƙe, ta yi alamar gicciye, ta kama hannun bokiti.

"Mu je. Ni zan zauna gaba. In Nikola ya ga an saɓa, ni zai fara gani, sai mu yi magana."