Ɗigon Ƙusa

Ranar Talata ce, an tashi da yayyafi, na buɗe injin tsohon babur ɗin da mahaifinmu ya bari don in saita taimin. Aikin ba wuya: a daidaita ɗigon giyar sama da na ƙasa, bawul, wato ƙofofin iskar injin, su riƙa buɗewa a kan lokaci. Sai na tarar da ɗigo biyu a giyar sama, ɗaya na kamfani, ɗaya da ƙusa aka buga shi, haƙori uku tsakaninsu.

Zuciyata ta tafi kan Baffa, ko shi ya buga don ya ɓatar da ni. Wata shida babur ɗin ya yi a shagonsa, kuma tun rasuwar mahaifinmu yake cewa ya fi ƙarfina, in bar masa. Sai ga shi ya shigo yana kakkaɓe lema.

"Sarkin gaggawa, bi na ƙusar," in ji shi.

"Baffa, ya aka yi kuka san da shi?"

"Ni na riƙe giyar, ubanka ya buga. Daga wani inji ya ciro ta, ɗigon kamfanin bai dace da wannan ba."

Na ce to. Amma yadda amsar ta zo masa da sauri bai kwanta mini ba. Yana fita na bi ɗigon kamfani, na ɗaure komai, na taka kik don in tayar da shi. Ƙarfe ya daki ƙarfe, injin ya cije.

Abin da na rasa ke nan: bawul biyu, fistin ɗaya, da Baffa, wanda yau sati uku bai leƙo gidanmu ba.