Tsohuwar Auduga a Sabon Siliki

Shekara biyu da wata huɗu Dasom da Wonsik suka yi suna tarin kuɗin aurensu, ni kuwa shaida ce, domin katanga ɗaya ce ta raba gidana da na uwarta a ƙauyenmu na ƙasar Sancong. Marigayi uban Dasom ɗan wana ne, shi ya sa take ce mini Kaka. Tana aiki a gidan waya na cikin gari, shi kuma Wonsik yana tuƙa bas ɗin da ke shigowa kwarinmu sau huɗu a yini.

Tun ranar da suka daidaita suka yanke shawarar cewa ba za su ci bashin ko won ɗaya ba, wato kuɗin ƙasarmu. Dasom ta ga yadda bashin jinyar ubanta ya tanƙwara uwarta har shekara tara, ba ta kuma son ta shiga ɗakinta da irin wannan kaya a ka. Kowace safiya takan ɗaure abincin rana kashi biyu, ta miƙa wa Wonsik nasa ta tagar direba. Shi kuma ya bar shan taba. Da aka nuna musu zauren biki na birnin Jinju, inda ake gama aure cikin minti talatin a fitar da ku a shigo da wasu, sai ta tambayi kuɗin abincin mutum ɗaya, ta yi godiya ta fito. Ta ce farfajiyar ɗakin taron ƙauye ta ishe su, matan ƙauye su dafa taliya yadda aka yi a auren uwarta. Rigar amarya kuwa wata abokiyar aikinta ta yi mata alkawarin aro. Abin da suka tara, kusan dukkansa na ajiyar da mai gidan haya yake riƙewa ne kafin ya ba da makulli.

Da iyayen ɓangarorin biyu suka zauna cin abincin sanin juna, uwar Wonsik ta kama hannun uwar Dasom ta ce, "Suruka, zamani ya sauya. Kayan gaisuwar dangin miji duk a bar su. Ko allura kada a kawo mini." Dasom ta ji daɗi, ta dawo gida ta soke wannan layi daga takardar lissafinta.

Ban halarci zaman ba. Da ina wurin, da na ja yarinyar gefe. A wajenmu idan uwar miji ta ce kada a kawo komai, tana nufin a bar kuɗi, a bar kwanukan tagulla da cokulan azurfa. Amma bargo ba ya cikin wannan komai ɗin. Shi ne wanda amarya ke aika wa iyayen miji don su lulluɓe kurakuranta yadda ya lulluɓe su, kuma shi dangi suke zuwa kallo.

Saura mako shida biki na kai busasshen ganye kasuwar Jinju, na biya ta rumfar uwar Wonsik, inda take sayar da kayan haɗin abinci, don in gaishe ta. Ban same ta ba, sai yayar mijinta, Gwaggo Malsun, mace mai kaifin harshe.

Ta ce, "A'a, Kakar amarya ce da kanta. Zauna mana. Wane launi kuka zaɓa?"

Na ce, "Launin me, suruka?"

"Kina tambayata? Matar ƙanena ta kwashe kayan saman kabad tun makon jiya, ta goge wurin har sau biyu. Ta gaya wa duk 'yan layin nan cewa surukarta 'yar ƙauyen auduga ce, za su ga bargo. Ni dai na ce mata, yaran da za su ciyar da baƙi taliya a tsakar gida, kada ki sa rai da yawa."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce launi sirrin amarya ne. Ban sayar da sauran ganyen ba, na hau bas ɗin azahar.

Da yamma na tara su uku a ɗakin uwar Dasom, na faɗi abin da na ji. Wonsik ne ya fara magana.

"Kaka, ai Mama da bakinta ta ce ko allura."

"Kai ma da bakinka kake cewa ka ƙoshi idan na zuba maka shinkafa, amma ban taɓa ganin ka rage ba."

"To, bari in je in tambaye ta."

"Tambaye ta. Za ta sake cewa a'a, ta mayar da kayanta saman kabad, ta riƙe abin a ranta har kabari. Gwaggonka kuma ta samu abin taunawa na shekara ashirin, matarka ce za ta riƙa ji."

Dasom ta ɗauko wayarta ta duba farashi. Bargon siliki mai cushen auduga, da katifarsa da matasai biyu, irin wanda ba za a ji kunyar buɗewa gaban dangi ba, ya tasam ma won miliyan biyu. Abin da ya rage musu bayan ajiyar gida bai kai rabin rabinsa ba, kwanan biyan ajiyar kuma ya matso.

Uwar Dasom ta ce a hankali, "Gobe zan je ƙungiyar manoma neman rance. Sun san ni, za su ba ni."

Dasom ta ce, "Sun san ki, Inna, shi ya sa ba za ki koma ba."

Can sai uwar ta tashi, ta buɗe kabad, ta jawo bargon da take rufa da shi, ta shimfiɗa a gabanmu. Rigarsa ta koɗe, cikinsa ya daskare kamar tabarma, nauyinsa sai mutum biyu. Na san shi. Da shi ta shigo gidan ɗan wana. Uwarta ce ta noma audugar a shekarun ƙarshe da ake noma ta a kwarinsu, girbi uku, ta gurje ta da hannu, ta adana a rufin ɗaki tun 'yar tana makaranta.

Ta ce, "Riga ce ta tsufa. Auduga ba ta tsufa, barci take yi."

Ranar Asabar Wonsik ya kai mu wurin tsohon da ke shiɓar auduga a bayan kasuwa, shi kaɗai ya rage mai wannan sana'a a unguwar. Ya farke gefe, ya ciro ɗan guntu, ya murza a yatsa, ya kai hanci. Ya dube mu ta saman tabarau.

"Wa ya mutu ya bar muku wannan?"

Uwar Dasom ta ce, "Ba wanda ya mutu, Malam. Ni ce mai shi."

"To, idan kin tashi mutuwa ki aiko mini da sauran."

Sau uku ya sa ta a injin, yana tsince ƙura da ɓawo. Abin da ya shiga kamar busasshiyar fata ya fito fari, ya kumbura har ya kusa cika bayan motar da muka zo da ita. Kuɗin shiɓa da na siliki, kore a sama da jan baki, suka kama won dubu ɗari uku da ashirin. Dasom ta fid da su daga kuɗin mai hoto. Ta ce wani ɗan ajinsu yana da kyamara, idan hoton ya karkace su ma sa karkata kai su kalla.

Bargon aure ba kowace mace ce ke sa masa allura ba, sai wadda mijinta ke da rai kuma ta ga jikoki. A duk ƙauyen mu uku muka rage: ni, da 'Yar Hadong, da 'Yar Gurye, waɗanda muke kira da sunan garuruwan da aka auro su. Muka shimfiɗa silikin a daɓen ɗakin taro da hantsi. Uwar Dasom ta zauna gefe tana zura mana zare, tun da idanunmu sun gaza.

'Yar Hadong ta ce, "Yau dai tsohon nan nawa ya yi amfani. Shekara hamsin da biyu ina neman dalilin zamansa."

'Yar Gurye ta ce, "Ki yi sauri da ɗinkin, na ji shi yana tari da safe."

Kwana uku muka yi. A rana ta ƙarshe Dasom ta kawo mana dafaffen dankali, ta durƙusa tana shafa silikin. 'Yar Gurye ta ce mata, "Ke yarinya, ki saurara. Abin da ke ciki ya zauna a ciki. Kai wa surukai abin da wani ya rufa da shi, a da can mayar da amarya gida ake yi a kansa. Kowa ya gani zai ce daga kanti ya fito. Ki ja bakinki."

Ni ma na goyi bayanta, ba zan ɓoye ba. Dasom ta ce, "Na ji, Kaka." Ba ta ce ta yarda ba, amma a lokacin ban lura da bambancin ba.

Uwar amarya ba ta raka irin wannan kaya, saboda haka ni na tafi da ita. Muka naɗe bargon a ƙyalle mai ja da shuɗi, Wonsik ya ɗauko shi a kafaɗa. A gidan iyayensa mun tarar an shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗaki, an ɗora ɗan teburi mai jan mayafi. Wadda ta ce ko allura kada a kawo mata ta sa kayanta na bikin girbi. Gwaggo Malsun tana zaune kusa da ita, da maƙwabta biyu da suka ce wucewa suke yi.

Dasom ta yi gaisuwar goshi a ƙasa. Uwar Wonsik ta ce, "Ban ce kada a wahala ba? Yaran nan ba sa jin magana." Hannunta kuwa ya riga ya kai ga ƙullin. Da bargon ya buɗe, ya tashi da kansa kamar ƙullun da ya kwana. Maƙwabtan suka matso. Gwaggo Malsun ta duba ɗinkin daga wannan gefe zuwa wancan tana neman inda ya kauce, ba ta samu ba.

Ta ce, "Wane kanti ne? Wannan ai ya haura miliyan biyu. Ashe masu taliya suna da abin ɓoye."

Na ce a raina an gama, mun fita. Sai na ji muryar Dasom.

"Ba na kanti ba ne, Gwaggo. Mama, silikin sabo ne, amma audugar tsohuwa ce. Ta bargon Innata ce, kakata ta noma. Kuɗinmu bai kai na sabo ba, ni kuma ba na son in fara zama da ke da bashi, ko da ƙarya."

Wonsik ya sunkuyar da kai. Gwaggo Malsun ta janye hannunta, ta goge a siket.

"Wanda aka kwana a ciki shekara talatin? Matar ƙanena, kin ji abin da aka kawo miki?"

Uwar Wonsik ta jawo bargon gabanta. Ta ce wa ɗanta ya miƙo almakashi. Ta warware ɗinkina na kusurwa, tsawon yatsa, ta ciro auduga kaɗan, ta ja ta a hankali tana kallon tsawon zaren. Ta daɗe a haka.

Ta ce, "Yaya, ni ma 'yar manoma ce. Uwata ta yi mini irin wannan. Shekarar da muka shigo gari na ba mai kwasar shara, na sayi na roba don ya fi sauƙin wanki. Ba a yi sanyin da ban tuna shi ba." Sa'an nan ta juya ga Dasom. "Guda nawa Innarki take da shi?"

"Shi ke nan, Mama."

"To, da me take rufa yanzu? An fara sanyi a kwarinku."

Yarinyar da ta lissafa komai har yawan ƙullin taliya, wannan ɗaya bai zo mata ba. Ni da ke maƙwabtaka da matar, ni ma ban tambaya ba.

Uwar Wonsik ta mayar da audugar ta cusa da yatsa, ta miƙo mini allura ta ce in rufe abin da ta buɗe. Ina cikin ɗinki ta shiga ƙuryar ɗaki, ta fito rungume da bargon gashin agwagwa da 'yarta ta aiko mata daga Busan, ko ledarsa ba a cire ba. Ta ɗora wa Wonsik a hannu.

"Kai wa surukata, Innar Dasom, yau, ba gobe ba. Ka ce na gode, ka ce na karɓa. Idan ta ce ba ta so, ka ajiye ka fito. Kai dai ba ka san ma'anar a'a ba."

Gwaggo Malsun ta ce, "Mutanen layi fa? Me za ki ce musu?"

"Zan ce su zo su taɓa. Wadda ta san inda ake sayar da irinsa ta kai ni."

An yi bikin ranar da aka sa, a farfajiyar ɗakin taro, kuma yaran sun karɓi makullinsu ba wanda yake bin su ko won ɗaya. Ranar na ga uwar Wonsik ta kewaya bayan tukwane, inda uwar Dasom take tsame taliya. Ta tsaya kusa da ita, ta naɗe hannun rigar silikinta, ta karɓi ludayin.